Yadda manoman Kanada ke hana injinan jigilar hatsi tsayawa cikin matsanancin sanyi

A nan Maradi da Damagaram da Tawa, in sanyi ya kama sai a hura wuta da safe, a ja bargo, hantsi na yi an koma aiki. Amma akwai ƙasashen da sanyi ke tsayar da ƙarfe da roba, ya hana abinci fita daga rumbu. Yau za mu leƙa yammacin Kanada, jihohin Saskacewan da Manitoba da Albata, inda ake noman alkama da sha'ir da kanola, wani ƙaramin iri mai kama da riɗi da ake matse mai da shi. A can, cikin Janairu da Fabrairu, sanyi kan kai digiri 30 har 40 ƙasa da sifili. Alkamarsu na zuwa ƙasashe da dama, ciki har da maƙwabciyarmu Najeriya.

Hatsi ba a buhu yake tafiya ba

Manomin Kanada ba ya ɗinke hatsinsa a buhu. Sako-sako ake zuba shi cikin manyan rumbunan ƙarfe, injuna ne ke kwashe shi daga rumbu zuwa babbar mota, daga mota zuwa ma'ajiya, daga ma'ajiya zuwa taragon jirgin ƙasa, har cikin jirgin ruwa. Injinan kusan iri huɗu ne. Akwai doguwar bel ta roba mai faɗi da ke gudu bisa ƙananan gangunan ƙarfe, hatsi na kwance a kanta. Akwai bel mai hawa tsaye da aka jera wa guga-guga, tana ɗibar hatsi daga ƙasa tana juye shi a ƙoli, kamar mai jan ruwa a rijiya. Akwai ƙarfe mai murɗe kamar sukuru da ke juyawa cikin bututu yana tura hatsi gaba. Sai kuma sarƙa mai jan hatsi cikin rufaffen kwararo.

Girbi na ƙarewa wajen Oktoba, don haka babbar jigila a tsakiyar sanyi take faɗowa. In inji ɗaya ya tsaya, motoci sun yi layi, taragai na jira, manomi bai saida ba balle ya biya bashin taki da iri.

Ruwa ne babban abokin gaba

Masu wannan aiki sun san cewa sanyi shi kaɗai ba ya karya inji nan take. Ruwan da ya shiga inda bai kamata ba, shi ne ke daskarewa ya yi ɓarna. Dusar ƙanƙara na shiga ta ƙofar da aka bari buɗe. Hatsi mai ɗan ɗumi in ya haɗu da ƙarfe mai sanyi sai ya yi gumi. Da rana ƙanƙara ta ɗan narke ta gangara, da dare ta koma dutse.

Inda abin ya fi muni shi ne gindin bel mai guga, wato ramin da hatsi ke taruwa kafin a ɗebe shi. In aka kashe inji da yamma aka bar saura a ciki, ruwa da ƙura da hatsi sai su dunƙule su zama curi guda. Da safe in aka kunna, ko dai moter ta ƙone, ko gugunan su ɓalle, ko bel ta tsinke ta zube daga sama. Shi ya sa dokar farko a wurinsu ita ce: kada a kashe inji da kaya a cikinsa. Ana rufe mashigar hatsi tukuna, a bar inji ya yi ta juyawa har ya zama wayam, a buɗe ƙofar gindi a share, sannan a kashe. Aikin safe tun da yammacin jiya ake gyara shi.

Abin da sanyi ke yi wa roba da ƙarfe da mai

Roba in ta sha sanyi tana sandarewa. Bel ɗin da ke lanƙwasa cikin sauƙi da damina sai ta zama kamar busasshiyar fata, ta ƙi kwanciya bisa gangunanta, ta riƙa karkacewa gefe tana zubar da hatsi, wani lokaci ta tsage. Don haka masu ma'ajiyar da ke fili sukan sayi bel da aka haɗa robarta musamman don sanyi.

Sai zamewa. Babbar gangar da moter ke juyawa ita ke jan bel. In siririyar ƙanƙara ta kwanta a kanta, gangar za ta yi ta juyawa, bel tana tsaye. Gugar nan na haifar da zafi, ga kuma ƙurar hatsi wadda ke kama wuta har ta fashe kamar albarushi in ta taru a rufaffen wuri. Maganin da suke yi shi ne a lulluɓe gangar da roba mai zane-zane ko ƙananan tangaran masu kama bel, a sa makankara da ke goge ƙanƙara da ƙura, a kuma maƙala na'urar da ke kashe inji da kanta da zarar gudun bel ya ragu. Akwai ruwan magani mai narkar da ƙanƙara da ake fesa wa bel a ma'adinan gawayi da tsakuwa, amma a kan abin da mutum ko dabba za ta ci ba a fesa kowane iri.

Ƙarfe kuwa tsukewa yake yi. Ƙarfe mai tsawon mita 100, in yanayi ya sauko daga digiri 30 na zafi zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, yana raguwa da kusan santimita 7. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sauya ɗaurin bel ko sarƙa, ko ya sassauta noti. Saboda haka ana sake duba ɗauri bayan sanyi ya kankama, ba a dogara ga saitin lokacin girbi.

Man inji da giris su ma suna yin kauri. Giris ɗin da ke cikin rulma, abin da wasu ke kira boris, in ya daskare ba ya shiga tsakanin ƙwallayen ƙarfen, sai su ci juna su yi zafi. Man da ke cikin akwatin haƙoran da ke rage gudun moter kan yi kauri kamar zuma, moter ta yi ta nishi tana jan wuta fiye da ƙima. Tun kafin sanyi ake juye tsohon mai, a zuba wanda ba ya kauri da wuri, wasu ma har da ɗan abin ɗumama mai suke sawa. Injinan da ke aiki da gazuwal na da tasu matsalar: gazuwal na yin kakide ya toshe matata, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Don haka akwai gazuwal na musamman na lokacin sanyi.

Da safe ba a zuba kaya nan da nan. Ana kunna inji wayam ya yi mintoci yana juyawa, mai ya saki, roba ta yi laushi, mai kula yana kasa kunne ko zai ji baƙon ƙara. Bayan nan a buɗe hatsi kaɗan-kaɗan. A wasu manyan wurare, in dare ya yi tsanani, sai a bar bel tana tafiya a hankali har gari ya waye don kada ta manne.

Hatsin kansa

A Kanada ana ɗaukar alkama busasshiya in damshinta bai wuce kashi 14,5 cikin ɗari ba, kanola kuwa kashi 10. Ko busasshen ma, cikin babban rumbu iska mai sanyi na sauka ta jikin bango, mai ɗumi na hawa ta tsakiya, damshi ya taru a sama ya yi ɓawo mai tauri. Shi ya sa suke da fanka a gindin rumbu da ke hura iska ta daidaita sanyin hatsin.

Ɓawon nan kisa yake yi. In an janye hatsi ta ƙasa, sai rami ya buɗe ƙarƙashinsa ba a gani. Mutum ya hau don ya fasa, ya rufta, hatsi ya binne shi cikin ɗan lokaci ƙanƙane. Ƙa'idar ita ce ba a shiga rumbu inji na aiki, ba a shiga ba igiya a jiki, ba a shiga ba wani na tsaye a waje. Duk mai son cire toshiya kuma sai ya kashe wuta, ya sa kwaɗonsa a jikin makunni, ya jefa makulli a aljihunsa.

Shekarar da hatsi ya maƙale

A 2013 manoman yammacin Kanada sun samu amfanin da ba su taɓa samun irinsa ba, sai ga sanyi mai tsanani ya biyo baya. Jirgin ƙasa da iska yake taka birki, in sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili dole a rage tsawonsa. Hanyar ruwa ta gabas, ta manyan tafkuna, a rufe take daga ƙarshen Disamba ko farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris saboda ƙanƙara. Ma'ajiyoyi suka cika, jiragen ruwa suka yi ta jira a tashar Bankuba, farashin da manomi ke samu ya faɗi. A Maris 2014 gwamnatin Kanada ta tilasta wa kamfanonin jirgin ƙasa biyu, CN da CP, kowane ya kwashi tan 500.000 na hatsi a mako, wato tan miliyon ɗaya a haɗe.

Abin da ya shafe mu

Ƴan uwanmu da ke ƙasashen sanyi, in Allah Ya sa aikinku ya biyo ta gona ko ma'ajiyar hatsi, kada gaggawar komawa ɗaki mai ɗumi ta sa ku tura hannu ko ƙafa cikin injin da ya toshe. Mu kuma a gida, ruwa ba ya daskare mana a kudu, amma hunturu ne lokacin da ake zuwa injin niƙa da na sussuka an naɗe da rawani da mayafi. Bel ɗin da ta kama bakin mayafi ba ta saki. Masu inji su rufe bel ɗinsu, su share ƙura, su kashe kafin su taɓa. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba mu sanyi mai albarka.