Tsakanin mai kuɗi da ƴan sa-kai: darasin OpenOffice ga masu nazarin harshe

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun asalinta ga kowa, ta yadda mutum zai iya karanta shi, ya gyara, ya kuma rarraba bisa sharuɗɗan lasisi. Galibi irin wannan aiki yakan dogara ga ɓangarori biyu: kamfani mai zuba kuɗi da biyan ma'aikata, da jama'ar ƴan sa-kai masu rubutawa da gwadawa da fassarawa ba tare da albashi ba. Saɓani yakan taso a kan abu uku: mallakar suna, haƙƙin abin da aka rubuta, da ikon yanke shawara.

Tarihin OpenOffice ya tattara dukkan ukun. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya sayi StarDivision na Jamus, a 2000 kuma ya buɗe rubutun manhajar ofis ɗinsa ga duniya. Sai dai Sun ya gindaya sharaɗi: duk mai son a shigar da aikinsa cikin gangar jikin manhajar sai ya sa hannu a takardar da ke ba kamfanin haƙƙin mallakar aikin tare da shi. Da wannan ne Sun yake iya sayar da nasa samfurin mai suna StarOffice. Da yawa daga ƴan sa-kai sun ga lamarin tamkar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Janairun 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun. Da jama'a suka ga ya rufe aikin OpenSolaris a shekarar, sai fargaba ta ƙaru. Ranar 28 ga Satumba, 2010, wasu daga cikinsu suka shelanta kafa The Document Foundation, suka ɗauki rubutun manhajar kamar yadda lasisi ya ba su dama, suka raɗa mata LibreOffice. Sun gayyaci Oracle ya shigo ya kuma ba da sunan OpenOffice kyauta. Ya ƙi, har ma ya nemi ƴan sabuwar gidauniyar su sauka daga majalisar aikin. A Yunin 2011 ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, amma a lokacin yawancin masu aiki sun riga sun ƙaura. Gidauniyar da aka yi wa rajista a Berlin a 2012 ba ta neman kowa ya sallama haƙƙinsa, kuma dokarta ta taƙaita yawan kujerun da kamfani guda zai riƙe a hukumar gudanarwa.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗauki kamfani a matsayin azzalumi kawai. Shekaru da dama, kaso mai yawa na aikin LibreOffice ma'aikatan kamfanoni irin su Collabora ne suka yi shi, domin gyaran manhaja babba yana buƙatar wanda zai zauna a kai kullum.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. LibreOffice tana gyaran rubutu ta hanyar Hunspell, wanda ke aiki da jerin kalmomi da ƙa'idojin ɗafi, wato aikin masanin harshe. Kundin 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, don haka buƙatar irin waɗannan kayan aiki za ta ƙaru. Wane ne zai yanke hukunci ko za a karɓi ƴ ta Nijar tare da 'y ta Nijeriya? Idan ɗalibi ya tattara kalmomin Arewanci daga Dogon Dutsi, Tibiri ko Kore Mairuwa, injin zai amince da su, ko zai ja musu jan layi a matsayin kuskure? Kamfani yakan bi babbar kasuwa, kuma babbar kasuwar Hausa tana bin daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano.

Saboda haka, kafin ɗalibi ko malami ya ba da jerin kalmomi, fassara ko muryoyin da ya naɗa, ya kamata ya karanta lasisin, ya san wanda ke riƙe da sunan aikin, ya kuma tabbata cewa jama'a za su iya ɗaukar kayan su ci gaba idan mai kuɗi ya janye. Lasisin ne ya ceci aikin ƴan OpenOffice a 2010.