Me ya sa suka shiga gidanku suka tsallake na maƙwabta?

Saƙon murya ne na minti huɗu, ya faɗo zauren WhatsApp na danginmu da daddare. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, sai rantsuwa. Wai ma'aikatan da ke yawo gida-gida suna tambayoyi kan shiga wani gida su tsallake wani, don haka duk gidan da suka shiga an sa masa ido ne, kada kowa ya saurare su. Kafin gari ya waye gwaggona ta tura shi zaure uku.

Ban ga laifinta ba. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana da dalilin ɗari-ɗari da baƙo mai takarda da biro. Haushina yana kan wanda ya naɗi muryar bai tambayi kowa ba.

Gaskiya ne ana tsallake gidaje. Fassarar da ya yi wa tsallaken ce ƙarya, kuma ita ce mai ɓarna.

Ɗauki binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018. An zaɓi ƙananan yankuna 1,400 a faɗin Najeriya. A kowane yanki aka fara rubuta duk gidajen da ke ciki, sannan aka fitar da 30 daga jerin, jimilla kusan 42,000. Yadda ake fitarwar kamar ƙuri'ar adashi ce: a samo lambar farko ta hanyar ƙuri'a, daga nan a riƙa ƙirga tazara iri ɗaya har ƙarshen jeri. Ma'aikaciyar da ta yi sallama a ƙofarku ba ita ta zaɓe ku ba, jerin aka miƙa mata. Da an bar ta ta zaɓa, ai gidajen bakin titi za ta bi, da waɗanda suka tarbe ta da fara'a, a manta da na cikin lungu.

Ga inda abin ke damuna. A ƙa'idar wannan bincike, gidan da ya ƙi ba a musanya shi da na maƙwabta. Kuma masu ƙi ba warwatse suke ba, yawanci unguwa ɗaya ce, saƙo ɗaya suka ji. Idan matan da ke haihuwa a gida, waɗanda asibiti ya yi wa nisa, suka rufe ƙofa, lissafi zai nuna ƙasar ta fi yadda take lafiya. Da irin wannan lissafi ake tsara rabon gidan sauro da allurar rigakafi. Kowa yana da 'yancin ya ce ba ya so, kuma ma'aikacin ƙwarai zai nuna katin shaida, ya nemi izini kafin ya ɗebi jinin yatsar yaro don gwajin zazzaɓin cizon sauro. Mai shakka ya tambayi mai unguwa.

Ga masu tsoron haraji za a ɗora musu kuwa, ba a buga sunan kowa a rahoton. Zancen cewa waɗanda aka tambaya za su sami tallafi shi ma babu shi.

Mai saƙon ya kuma ce gidaje 42,000 ba za su faɗi halin mutum sama da miliyan 200 ba. Ɗan kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu kafin ya saya. Ƙarfe yake sokawa a sama, a tsakiya, a ƙasa, don ya san mai kaya kan ɗora mai kyau a baki. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Bakin buhu ta ɗiba: masu tarho, masu mota, da waɗanda suka ga damar mayar da takarda.

Abu ɗaya mai nauyi, mai saƙon bai ma ambata ba. Taswirar da aka ciro yankunan 2018 daga cikinta ta ƙidayar 2006 ce, garuruwa kuwa sun faɗaɗa tun lokacin. Sannan an cire wasu ƙananan hukumomin Borno saboda rashin tsaro, don haka alƙaluman jihar ba su yi magana da yawun mutanen can ba. Su bindiga ce ta hana a je a ji ta bakinsu. A unguwar gwaggo, inda ake zaune lafiya, saƙon murya ke neman yin wannan aikin.