Buga hoto baƙi da fari da firinta mai fesa tawada

Buga hoto baƙi da fari da firinta mai fesa tawada hanya ce ta fitar da hoto marar launi daga kwamfuta zuwa takarda, ba tare da fim ko ruwan wankin hoto ba. Firintar tana fesa ƙananan ɗigon tawada ta cikin siraran ramuka, ɗigon su haɗu su ba da baƙi da matakan ruwan toka. Farin da ke cikin hoton kuwa farin takardar ne.

Tarihi

Kafin zuwan kyamarar zamani, a ɗakin duhu ake wanke hoto, a kan takarda mai sinadarin azurfa. Da wannan hanya Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako suka yi suna. Kamfanin HP ya fitar da firintar ThinkJet a shekarar 1984, wadda ke tura tawada da zafi. Epson kuwa yana amfani da wani sinadari mai motsawa idan lantarki ya ratsa shi. A shekarar 2005 Epson ya fito da tawadar UltraChrome K3, mai baƙi ɗaya da ruwan toka biyu.

Matsalar launi

Firinta ta gama-gari tana da tawada huɗu: shuɗi, ja mai haske, rawaya da baƙi. Idan za ta yi ruwan toka, sai ta gauraya launukan. Kuskure kaɗan a ma'auni yakan sa hoton ya yi kore-kore ko ja-ja, har launinsa ya riƙa sauyawa tsakanin hasken rana da na ƙwan lantarki. Idan kuma aka zaɓi baƙar tawada kaɗai, ɗigon kan fito fili a wurare masu haske kamar goshi da farar riga. Shi ya sa ƙwararru ke amfani da firinta mai tawadar ruwan toka.

Tawada da takarda

Tawada iri biyu ce. Ta rini tana da araha da sheƙi, amma tana saurin koɗewa a rana. Ta gari, wadda baƙinta na gawayi ne, ta fi daɗewa. Takarda mai sheƙi da marar sheƙi kowacce tana da baƙar tawadar da ta dace da ita. Yawanci ana shirya hoton da ɗigo 300 a kowane inci.

A Kano

A unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, kamar Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi, kamar sauran sassan birnin, hoton biki da na fasfo masu launi ne. Inda aka fi buƙatar baƙi da fari shi ne sabunta tsofaffin hotunan iyaye da kakanni. Ana ɗaukar tsohon hoton da sikana, a gyara tabo da yagewa a kwamfuta, sannan a buga. Sau da yawa kwafi ɗaya tak iyali ke da shi, don haka ingancin bugun ne ke nuna ko jikoki za su ga fuskar.

Ƙurar hunturu da zafin bazara suna busar da tawada su toshe ramukan, sai fararen layuka su ratsa hoto. Maganin haka shi ne rufe firinta da yin bugu a kai a kai. Hoton da aka gama kuma ana sa shi cikin gilashi, nesa da rana da danshin damina.