Abin da Ya Sa Dawa Ba Ta Bin Lissafin Wata

Manomin Roni ko Gwiwa yana tafiyar da shekararsa da lissafi biyu. Na farko shi ne na wata, wanda ke kawo Cika-ciki da Takutaha da Azumi, da ranar da Sarkin Kazaure zai yi hawan Sallah. Wannan shekara kwana 354 ce, wato ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Saboda haka bukukuwa ke zagaye yanayi cikin kamar shekara 33: Azumin 1999 ya kama a Disamba, cikin hunturu, na 2016 kuwa a Yuni, bakin damina.

Gona ba ta jure irin wannan yawo. Wanda ya ɗaure shukarsa ga watan Musulunci, cikin shekara uku ya kauce wa lokacin ruwa da wata guda cur, a ƙasar da daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba. Shi ya sa malamai suka riƙe lissafi na biyu, na taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, jimilla 365. Talaka kuma yana duban zuwan shamuwa, da yadda gawo ke zubar da ganye idan ruwa ya sauka. Ba Hausawa kaɗai suka haɗa lissafi biyu ba. Aztek na ƙasar Meziko suna da na kwana 365 da na ibada mai kwana 260, waɗanda ke komawa mafari tare duk shekara 52.

Abin mamaki, ita ma dawa tana da nata lissafin. A Kazaure da Ɓaɓura bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba, amma ganyenta yana jin wannan ɗan bambanci. Dawar gargajiya ba ta fitar da kai sai dare ya kai wani tsawo. Binciken D. L. Curtis na 1968 ya nuna cewa irin kowane yanki a Nijeriya yana fitar da kai ne dab da ɗaukewar ruwan yankinsa, ko an shuka shi da wuri ko an ɗan makara. Nan ne haɗarin sayen iri barkatai a kasuwa: irin da aka ɗauko daga kudancin Zariya zai jira darensa, ya fitar da kai a Gwiwa bayan ƙasa ta bushe, manomi ya tashi da kara.