Zaɓen Manhajar Zana Taswira

Manomin da ke son sanin iyakar gonarsa, da ɗan kasuwa mai zagaya kasuwannin ƙauye, da malamin labarin ƙasa, kowannensu yana buƙatar taswirar da ba a sayar da irinta a kanti. Buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar tsarin gininsu a fili kowa ya duba, ya gyara, ya raba, sun sa mutum zai iya zana tasa ba tare da ya biya kuɗin lasisi ba.

Kafin a zaɓa, a rarrabe abu biyu: bayanan taswira, da manhajar da ke zana su. Galibin waɗannan manhajoji daga OpenStreetMap suke ɗibar bayanai. Steve Coast ne ya kafa shi a Ingila a shekarar 2004, 'yan sa-kai kuma ke shigar masa da tituna, rijiyoyi da makarantu. Babban sharaɗinsa shi ne duk wanda ya ɗiba ya ambaci inda ya samo.

Aikin da ke gaban mutum shi ke nuna masa manhaja. Idan alamomi da layuka kawai zai sa ya tura wa jama'a, uMap ta isa. A intanet take aiki, ba sai an sauke komai ba. Mai shiga karkarar da babu sabis ya riƙe OsmAnd a wayarsa. Da zarar ya sauke taswirar yankin, GPS ba ya buƙatar data, zai iya taka gefen gona manhajar na bin sawunsa. Sai dai GPS na waya kan kauce da 'yan mitoci, don haka ba ya maye gurbin takardar safiyo.

Aiki mai zurfi kuwa na QGIS ne, wadda Gary Sherman ya fara a 2002. Tana ɗora bayanai hawa-hawa, tana auna faɗin fili da hekta, tana fitar da taswira da ma'auninta don bugawa. Tana son kwamfuta da haƙurin koyo.

Ko wacce aka zaɓa, a tabbatar tana fitar da aikin a fayil irin su GPX, KML ko GeoJSON, waɗanda wasu manhajoji ke iya buɗewa. Manhaja kan tsufa, masu kula da ita kan watse, amma wahalar da mutum ya sha yana tattara wurare tasa ce, kuma bai kamata ta maƙale a hannun kowa ba.