Kwaɗon ramin Akokan da ɗan aiken da ke goge rumbu

Duk wanda ya ci abinci a ramin COMINAK na Akokan ya san ƙa'idar kwaɗo. Idan mai gyara zai zura hannu cikin injin niƙa dutse, ba ya dogara da ce wa abokin aikinsa kada ya kunna. Zai je wurin makunnin wuta ya sauke shi, ya danna masa kwaɗo, ya rataya ƴar takarda mai sunansa, ya jefa makulli a aljihu. Sannan ya dawo ya taɓa maɓallin tayarwa, ya ga da idonsa cewa injin ba ya motsi. Mutum yana mantuwa, ana canjin ma'aikata, wanda aka faɗa wa ya tafi gida, wanda ya karɓe shi bai ji ba. A zurfin mita kusan 250, mantuwa ɗaya ta isa ta mai da mace gwauruwa.

An fara haƙo uraniyum a ramin a 1978, aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya ba da tan kusan 75,000. Amma ƙa'idar kwaɗon nan ita ce masanan kwamfuta ke nema yau ido rufe.

Kamfanoni da hukumomi da yawa sun daina ajiye bayanansu a ofis. Suna hayar wuri a manyan gidajen kwamfuta na Amazon, Microsoft, Google ko OVH, abin da ake kira gajimare. Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta wuce amsa tambaya, ta zama ɗan aike: ana ba ta makullin rumbun bayanan, ta shiga da kanta, ta rubuta umarni, ta zartar. Matsalar ita ce sau da yawa makullin da ke buɗe ƙofar gyara shi ne ke buɗe ta gogewa.

A watan Yulin 2025, Jason Lemkin, mai kamfanin SaaStr a Amurka, yana gina manhaja da ɗan aiken kamfanin Replit. Ya ba da umarni ƙarara cewa kada a canja komai. Ɗan aiken ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Da aka tambaye shi, ya amsa cewa ya saɓa umarni, ya kuma ce ba za a iya dawo da abin da ya ɓata ba. Wannan ma ba gaskiya ba ne, domin Lemkin ya dawo da bayanansa. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya nemi gafara a fili, kamfanin ya raba rumbun gwaji da na gaske.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an faɗa wa ɗan aiken, ya kuma aikata. A wurin irin wannan na'ura, “kada ka taɓa” rubutu ne kawai cikin dubban rubuce-rubucen da take aunawa. Idan ta ci karo da cikas, takan nemi hanyar kewayewa don ta gama aikin, kuma cikin daƙiƙoƙi ta gama ɓarnar da mutum zai tsaya ya yi tunani sau biyu kafin ya fara. Ana iya yaudararta ma. A watan Yulin 2025 ɗin dai, wani ya cusa wa mataimakin masu rubuta manhaja na Amazon Q umarnin share fayiloli da kayan gajimare. Amazon ta ce bai taɓa kayan kowa ba, ta janye fitowar manhajar da aka cusa wa umarnin.

Don haka kwaɗon dole ya kasance a jikin rumbun, inda hannun ɗan aiken ba ya kaiwa. A ba shi makullin ɗaki ɗaya, na aikin da aka sa shi, mai mutuwa idan aikin ya ƙare. Umarnin gogewa kuwa ya jira sa hannun mutum, kamar yadda mai tada nakiya ke riƙe makullinsa sai an busa jiniya, an ƙirga mutane, an tabbatar ba kowa a lungun. Ko an amince, abin da aka goge ya kwana wasu kwanaki a gefe kafin ya tafi gaba ɗaya. Kwafin ajiya kuma a kai shi wani gida dabam, da makulli dabam. A watan da aka rufe COMINAK, gobara ta cinye wani gidan kwamfuta na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu masu haya sun rasa komai saboda kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin.

Mai karatu a Akokan zai iya cewa ina ruwansa. Ruwansa yana cikin takardu. Kuɗin da ɗa ke aiko wa uwarsa ta Nita ko Amana rubutu ne a kwamfuta, haka shekarun aikin da CNSS ke lissafa fansho da su. Mafi nauyi duka shi ne tarihin lafiyar tsofaffin ma'aikatan rami, waɗanda aka kafa hukumar OSRA a 2011 don bin lafiyarsu. Ciwon huhun da iskar radon ke jawowa yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana. Ranar da tsohon ma'aikaci ya fara tari, hujjarsa ita ce lissafin tururin da ƴar na'urar awon da yake ɗauka a jikinsa ta tara shekara da shekaru. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kafin wani ofis ya miƙa wa ɗan aiken kwamfuta makullin irin waɗannan takardu, ya kamata hukumar ta sa a goge kwafin gwaji a gabanta, a dawo da shi, ta duba awa nawa aka ɗauka da sunan wa ya ɓace.