Ɗakin Takalma a Bayan Asibitin Ƙashi

Ɗakin yana can ƙuryar asibitin, kusa da inda ake jingine sandunan guragu. Warin gam da na fata ne ke fara tarbar mutum. A ciki akwai keken ɗinki irin na dukawa, da injin goge roba, da kanta cike da siffofin ƙafa na filasta, kowacce da lamba a dunduniya. Ranar ganin yara, kafin hantsi benci ya cika da iyaye mata, wasu 'yan gari, wasu sun biyo motar kasuwa daga ƙauye.

Da yawansu abu ɗaya ya kawo su. Tafin ƙafar yaro a shimfiɗe yake, babu lanƙwasar nan ta tsakiya, wani kuma ya ce a sayo shimfiɗar cikin takalmi. Ma'aikacin ɗakin ba ya gaggawar ɗauko abin awo. Yakan sa yaron ya yi ɗage a kan yatsunsa. In lanƙwasar ta bayyana, kuma yaron ba ya kukan ciwo, sai ya dubi uwar ya ce, "Hajiya, riƙe kuɗinki, ƙafarsa lafiya lau." Kusan duk jariri haka ake haifarsa, lanƙwasar takan fito da kanta tsakanin shekara 6 zuwa 10, shimfiɗa ba ta ƙirƙiro ta. Wani bincike da aka buga a 1992 kan yara 2,300 a Indiya ya nuna cewa waɗanda suka tashi suna yawo ba takalmi sun fi tsira daga shimfiɗaɗɗen tafi. Ina ganin girman mutumin da zai iya sayar da abu amma ya ce ba a bukatarsa. Shimfiɗa ana yanka ta ne ga yaron da tafiya ke sa masa ciwo, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko wanda shan inna ya taɓa.

Aikin da ya fi cin ƙarfin ɗakin na jariran da aka haifa da ƙafa a murɗe ne, tafin ya juya ciki, dunduniya ta ɗage sama. Kimanin jariri 1 cikin 1,000 ke zuwa da haka. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba, ko da yake uwar kan sha magana a gida kafin ta iso nan. Hanyar gyaran ta Ignacio Ponseti ce, likita ɗan asalin Sifaniya da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka. Kowane mako a lallaɓa ƙafar da hannu, a naɗe ta da filasta har cinya, sau 5 ko 6. Yawanci sai a ɗan yanka agara don dunduniya ta sauko, a mayar da filasta na mako 3.

Daga nan ne ɗakin takalma ke karɓa. Takalma biyu ne ƙanana, buɗaɗɗun baki, an haɗe su da sandar ƙarfe, irin samfurin da aka tsara a Uganda don a iya ƙera shi da kayan gida. Yaro zai sa shi awa 23 a rana har wata 3, sannan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5.

A nan ake rasa yara da yawa. Ƙafa ta miƙe, kowa ya gani, yaro yana kuka da dare, goyo ya yi wuya, kaka ta ce a cire wa jikanta wannan azaba. Ga kuɗin mota duk lokacin da ƙafar ta girma za a canza takalmi. In an daina sawa, ƙafar takan koma yadda take. Sai a dawo da yaro yana shekara 7, yana taka gefen ƙafa, wurin ya yi kanta, gyaran kuma ya koma mai tsawo da tsada, wani lokaci har da babbar tiyata.

Shi ya sa ma'aikatan ke roƙon a zo da maigida ko kakar yaron, ko da sau ɗaya ne. Su ma a zaunar da su a kan bencin, a miƙa musu takalmin, su ɗaura igiyar da hannunsu har sai dunduniya ta zauna daram, don uwa ita kaɗai ba ta iya riƙe wannan aiki shekara 4 in gida bai yarda ba.